Ƙaron Izga: Bayani a Kan Abin da Ke Sa Goge Magana a Tsaunin Jos

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge kafin a buɗe fagen kiɗa, in dai mai lura ne, ya ga cewa tun bai ɗaura murya ba, tun bai gyara zaman jakin da ke tallafe da tsirkiya ba, sai ya ɗauko wani ɗan dunƙule mai kama da ƙanƙarar turare, ya goga wa izgar bakansa, ya kuma shafa wa tsirkiyar kanta, sa'an nan ya ja sau ɗaya ko sau biyu yana kasa kunne. Wannan ɗan dunƙule shi ne ƙaro, kuma ko da yake shi ne mafi araha a cikin kayan sana'ar duka, haƙiƙa da za a wanke izga tas a ja ta a kan tsirkiya ba tare da shi ba, da babu abin da za a ji sai ɗan huci, domin gashin doki a kan gashin doki sulɓi yake yi, ba ya kamawa. Hukuncin nan bai tsaya ga gogenmu da kukumarmu kaɗai ba. Ya haɗa har da babban gogen nan na Turawa da suke kira dabul-bes, wanda tsayinsa ya kai na namiji tsayayye, wanda kuma masu kaɗa shi da tsirkiyar hanji suka daɗe suna saɓani a kan irin ƙaron da ya dace da shi. Nufinmu a wannan rahoto shi ne mu nuna cewa mas'alar ba ta warwaruwa da sunan kamfani ko tsadar kuɗi, sai dai da sanin tsirkiya, da sanin izga, da sanin iskar garin da mutum yake zaune. Kuma da wuya a sami wurin da ya fi Naraguta dacewa da a auna wannan magana.

Naraguta da iskarta

Naraguta, wadda ke arewacin birnin Jos a ƙasar Anaguta, ta riga Jos ɗin kanta shahara, domin a nan ne ma'aikatan Kamfanin Neja, ƙarƙashin jagorancin Kanar Laws, suka kafa sansaninsu na neman kuza wajen shekarar 1903 zuwa 1904, tun kafin a shata garin Jos a wajen 1915. Da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sa'an nan wani layin ya iso ta Kafanchan a 1927, sai jama'a suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno, leburori da fatake da dukawa da mahauta, kuma kamar yadda al'adar bariki take a ko'ina, inda duk aka tara ma'aikata masu karɓar albashin mako, to makaɗa ba sa nisa da wurin. A cikin wannan zamantakewa ta garuruwan kuza aka haifi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos a Bukur a 1946, wanda ya rasu a 2015. Sai dai shi kuntigi yake kaɗawa, abin da ake tsinka tsirkiyarsa ba a goga ta, saboda haka bai da bukatar ƙaro. Masu bukatarsa su ne ma'abota izga, irin su Garba Liyo mai goge, da Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka masu kukuma, waɗanda muryar kayansu ta cika gidajen rediyon Arewa shekaru masu yawa.

Abin da ya bambanta wannan wuri da sauran ƙasar Hausa shi ne tudunsa, domin Jos tana bisa kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Saboda haka zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato da Kano ba ya samuwa a nan, ruwan sama kuwa yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara, yana sauka tun daga Afrilu har zuwa Oktoba, da hazo da raɓa da laima mai ratsa tufafi. In kuma hunturu ya kama a Disamba da Janairu, sai iska ta bushe ƙayau, sanyin dare ya sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ma'ana, makaɗin da ke zaune a Naraguta yana rayuwa ne a cikin yanayi biyu masu kishiyantar juna a shekara guda, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da nasa hukunci a kan ƙaro.

Yadda ƙaro yake aikinsa

Gogen da ake ja da izga daɗaɗɗen abu ne a duniyar Musulmi, domin Abu Nasr al-Farabi, wanda ya rasu a 950 Miladiyya, ya ambaci rababa a cikin babban littafinsa na ilmin kiɗa. Hukuncin sauraronsa kuwa magana ce ta malaman fiƙihu, wadda suka yi bayaninta a wurarenta, mu a nan fuskar sana'a da hikimar halitta muke dubawa. Wanda ya fara bayyana motsin tsirkiya a ƙarƙashin izga dalla-dalla shi ne wani masanin Jamus mai suna Helmholtz, a littafinsa na 1863. Taƙaitaccen abin da ya gano shi ne, izga ba ta tafiya a kan tsirkiya sumul kamar yadda ido yake gani: tana kama ta ne ta ja ta gefe, har sai ƙarfin ɗaurin tsirkiya ya rinjayi riƙon, sai ta kuɓuce ta koma da sauri, izga ta sake cafke ta, haka nan kama-da-saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma adadin wannan kama-da-saki shi ne ke hukunta kaurin murya ko sirantakarta.

Fa'idar ƙaro a nan ita ce ɗabi'arsa mai fuska biyu, domin yana da ƙarfin riƙo matuƙar izga da tsirkiya suna tafiya tare, amma da zarar tsirkiya ta zame, ɗan zafin gugar yakan tausasa shi ya sake ta ba da gardama ba. In ƙaro ya cika tauri, riƙon ya yi rauni, sai murya ta fito da shewa da huci. In kuma ya cika danƙo, sakin ya yi nauyi, sai murya ta shaƙe ta yi gurnani. Tsirkiyar da ta fi kauri a bayolin, wato ƙaramin gogen Turawa, tana kaɗawa sau 196 a daƙiƙa, amma mafi kauri a dabul-bes sau 41 kacal take kaɗawa, ga ta da tsawon da ya ɗara mita ɗaya, ga nauyi. Don haka ne tayar da ita daga kwance yake bukatar riƙo mai ƙarfi ƙwarai, kuma wannan shi ne asalin dalilin da ya sa aka keɓe wa babban goge ƙaro nasa na daban mai taushi.

Ƙaro iri biyu ne

Wajibi ne mai neman sani ya rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ke tsattsafowa daga jikin itace. Akwai ƙaron dakwara da na dushe, wanda almajirai ke zubawa a tawada don ta yi ƙyalli ta kama allo, wanda kuma ake fitarwa ƙasashen waje daga Yobe da Barno da Jigawa. Wannan yana narkewa a ruwa, yana jan laima, in ya bushe kuma ya zama kamar gilashi, saboda haka ba shi da amfani ga izga. Akwai kuma ƙaron itatuwa masu ƙamshi, irin su maje da hano da dashi da atili, wanda ruwa ba ya narkar da shi amma wuta tana narkar da shi, yana ci da wuta yana ba da hayaƙin turare, in an murza shi kuma ya zama gari mai kama yatsa. Irin wannan na biyun shi ne abokin izga. Hano yana son tsaunuka da ƙasa mai duwatsu, maje yana tsiro a dazukan da ke kewaye da tudun, atili kuwa itacen Filato ne na ainihi, wanda 'ya'yansa da mansa suka shahara a kasuwannin Jos da Pankshin, ƙaronsa kuma yana fitowa da taushi da danƙo kafin iska ta busar da shi.

Na Turawa kuwa daga itacen fayin ake samunsa, ta hanyar tsaga bawon itacen a tari ruwan da ke ɗiga, a dafa shi har man da ke cikinsa ya tashi da tururi, abin da ya rage a tukunya ya daskare ya zama dunƙule mai ruwan zuma ko mai duhu. Masu harhaɗa shi sukan bar na bayolin da tauri, ya riƙa ba da gari fari mai laushi, na celo, wato matsakaicin gogen Turawa, ya ɗan fi shi taushi, na dabul-bes kuwa a gauraya shi da kaki ko mai ko wasu sinadarai da kowane gida yake ɓoye sirrinsu, har ya zamana in aka kwantar da gwangwaninsa a gefe a ɗaki mai ɗumi, a hankali zai malalo ya karkata. Daga cikin sanannun irinsa akwai Pops' na Amurka, mai tsananin taushi da danƙo. Akwai Nyman da Carlsson na Suwidin, waɗanda suka fi shi ɗan tauri. Akwai kuma Kolstein na Amurka da Petz na Ostiriya, waɗanda ake yin su daraja-daraja, mai taushi da matsakaici da mai tauri, domin mai saye ya zaɓa gwargwadon yanayin ƙasarsa. Wannan rarrabawa da kamfanonin suka yi da kansu hujja ce a kan cewa ba su yarda akwai ƙaro guda da ya dace da kowane gari ba.

Tsirkiyar hanji da saɓanin masana

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk dabul-bes da ke duniya da tsirkiyar hanji ake ɗaura shi, wato hanjin tumaki ko na shanu da aka wanke aka kankare, aka tsaga shi zare-zare, aka murɗe aka shanya har ya bushe. Da irinta manyan gwanayen Italiya suka yi suna, Domenico Dragonetti wanda ya rasu a 1846, da Giovanni Bottesini wanda ya rasu a 1889, kuma da irinta ƙungiyoyin kiɗan hailaif na Legas da Akara suka yi amfani a shekarun 1950, ko da yake su da yatsa suka fi tsinka ta. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 tsirkiyar ƙarfe ta mamaye fage, saboda ba ta damu da laima ba kuma tana daɗewa, sai aka bar ta hanji ga masu raya kiɗan zamanin da, da wasu makaɗan jaz masu son muryarta mai ɗumi da kauri. A bisa al'ada, tsirkiyoyi biyu na sama hanji ne tsantsa, ta fari kaurinta kusan milimita 2, ta biyu kusan milimita 3, biyun ƙasa kuwa galibi akan naɗe su da zaren azurfa ko jan ƙarfe don su yi nauyi ba tare da kaurinsu ya wuce misali ba.

To, a nan ne saɓanin ya taso. Wani ɓangare na makaɗa suna ganin cewa tun da tsirkiyar hanji ta fi ta ƙarfe kauri, kuma tana da nawar tashi, lalle ne a ba ta ƙaro mai danƙo wanda zai cafke ta tun daga jan farko. Ɗaya ɓangaren kuma suna kafa hujja da cewa yawancin ƙaron nan masu danƙo da ke kasuwa yau, da tsirkiyar ƙarfe mai santsi aka saba gwada su, alhali hanji tsantsa yana da kaushi nasa na halitta, yana kama izga da kansa, in aka ƙara masa danƙo sai ƙaron ya taru a jikinsa ya yi ɓawo, ya jawo ƙura, muryar ta shaƙe, zaren hanjin ma ya soma tashi. Don haka suka zaɓi ƙaro mai tauri mai ba da gari, har wasunsu na celo ko na bayolin suke shafawa. Wanda ya auna maganganun biyu da mizanin adalci zai ga cewa kowane ɓangare yana da gaskiya a muhallinsa: na farko ya fi dacewa da tsirkiyoyin ƙasa masu naɗin ƙarfe da kuma lokacin sanyi, na biyu kuma ya fi dacewa da hanji tsantsa da lokacin ɗumi da laima. Akwai kuma sharaɗi na uku da ake yawan mantawa, wato izgar kanta, domin baƙin gashin doki ya fi fari kaushi da riƙo, shi ya sa masu dabul-bes da yawa suke ɗaura baƙi ko gaurayen baƙi da fari, kuma mai baƙar izga bukatarsa ga danƙo ba ta kai ta mai fara ba.

Idan aka yi ƙiyasi, za a ga cewa gogenmu ya fi kusa da tsirkiyar hanji bisa ga ta ƙarfe, domin tsirkiyarsa damin gashin doki ce, rufin ƙwaryarsa fatar guza ce, duka kuwa daga jikin dabba suka fito, suna shan laima suna saki, suna bushewa suna ɗaurewa. Abin da mai dabul-bes na hanji yake fama da shi a Turai idan laima ta yi yawa, shi ne mai goge ya saba da shi tun kaka da kakanni, lokacin da yake kai gogensa rana ko kusa da wuta don fatar ta ɗame kafin ya fara.

Hukuncin damina da na hunturu

A watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya kankama a Jos, izga takan sha laima ta ƙara tsawo ta yi sako-sako, tsirkiyar hanji ta kumbura muryarta ta riƙa kaucewa, ƙaro mai taushi kuma ya ƙara danƙo. Wanda ya lafta shi a wannan lokaci zai tarar gashin bakansa ya manne wuri guda kamar igiya, ba ya shimfiɗuwa a kan tsirkiya. Abin da ya dace da damina shi ne ƙaro matsakaici ko mai tauri, a shafa kaɗan, a kuma goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk lokacin da aka gama. Idan hunturu ya shigo kuwa, al'amarin sai ya juya, domin sanyi da bushewar iska sukan sa ƙaro mai tauri ya ƙara ƙeƙashewa ya koma ƙura zalla mai tashi ba ta riƙe komai, izga ta ɗaure har gashinta ya riƙa tsinkewa in an bar baka a ɗame, hanji kuma ya bushe ya nemi tsagewa. A nan ne ƙaro mai taushi yake da rana, musamman ga kiɗan dare ko na asuba. Ke nan makaɗin Naraguta ba shi da makawa daga ajiye iri biyu, alhali takwaransa na Kano ko Sakkwato, wanda bazara ke narkar masa da mai taushi tun yana cikin jaka, mai tauri ya fi yi masa hidima a mafi yawan shekara, na Legas kuma yana cikin laima kusan kullum.

Sharuɗɗan zaɓe da adabin amfani

Mai son gwada ƙaro ya fara danna shi da farce: in farcen ya shiga ya bar gurbi, mai taushi ne, in ya yi ƙarar karce ya ba da gari, mai tauri ne. Sa'an nan ya sani cewa ƙaro mai taushi yana tsufa, domin man da ke cikinsa yana tashi a hankali, saboda haka wanda ya kwana shekaru a kanti ba shi ne wanda aka dafa ba, kuma ya kamata a rufe shi, a ajiye shi a tsaye cikin inuwa, kada a bar shi a mota ko a bakin taga. Wajen shafawa, ja biyu zuwa huɗu daga gindin baka zuwa kansa sun wadatar, kuma mafi yawan aibin da ake ɗora wa ƙaro, yawansa ne ya jawo shi ba jinsinsa ba. Sabuwar izga ta fi karɓar gari mai tauri tukuna a matsayin shimfiɗa, kafin a ɗora mai taushi a kai in da bukata. Wanda ke shafa wa tsirkiyar hanji ɗan mai don kada hunturu ya busar da ita, ya kiyaye kada man ya kai inda izga ke bi, domin ɗigo guda ya isa ya ɓata riƙon baka duka. Haka nan kada a goge ƙaron da ya zuba a jikin katakon dabul-bes da sinadarin barasa, saboda yana cinye fentin tare da ƙaron. Daga ƙarshe, gwaji ba ya inganta sai an canza abu ɗaya an bar sauran, a kuma yi haƙuri kwanaki har tsohon ƙaron ya bar izga, in ba haka ba mutum zai yanke hukunci a kan gauraye yana zaton a kan sabo ya yanke.

Abin da ya rage a wuyanmu

Abin takaici shi ne, yayin da Turawa suka rubuta sanin ƙaronsu suka rarraba shi daraja-daraja, namu sanin yana nan a ƙirjin dattawan makaɗa, yana tafiya tare da su kabari ɗaya bayan ɗaya, itatuwan da ke ba da shi kuma suna raguwa, maje ana sare shi don gawayi da turmi, hano ana kware masa bawo don magani har ya bushe a tsaye. Alhali kuwa kayan binciken duk suna wuri guda: ga Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, mazauninta na dindindin yana Naraguta; ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952; ga itatuwan fayin da aka dasa a tudun, har da na gandun namun dajin Jos; ga atili da hano da maje a kewaye. Babu abin da zai hana masana sinadarai da masana al'adu su zauna da masu goge da kukuma da suka rage, su rubuta wane itace suke ɗiba, a wane wata, yaya suke dafa shi ko busar da shi, sa'an nan a auna taurin kowane iri da zafin da yake narkewa, a gwada shi a kan gashin doki da kan hanji, a damina da hunturu. Muna kira ga hukumar jami'ar, da hukumomin raya al'adu na Jihar Filato, da ma'aikatan gandun daji, da su ɗauki wannan aiki tun masu sanin suna da rai, domin ilmin da ba a rubuta ba amana ce da ke hannun mai mutuwa. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.